Yadda ake tara sulallan azurfa na Rumawa, daga gidan sarki Severus

Tambayoyi uku ne suka fi yawan zuwa daga masu karatu a kan tsofaffin kuɗin Rumawa: ta ina ake farawa, nawa ake kashewa, kuma ta yaya mutum zai gane ba jabu aka ɗora masa ba. Zan bi su daki-daki. Sulen da muke magana a kansa shi ne denarius, ƙaramin kuɗin azurfa da Rumawa suka shafe sama da shekara 400 suna bugawa. Sunayen mutane kuwa na bar su yadda dillalai ke rubuta su, don da su za ka yi bincike a intanet.

1. Zaɓi gida ɗaya

Wanda ya ce zai tara "kuɗin Rum" gaba ɗaya, kuɗinsa za su ƙare bai haɗa komai mai kan gado ba. Ka tsaya a kan zuriya ɗaya. Ga mai farawa, ban ga wadda ta kai ta Severus ba, wadda ta riƙe mulki daga shekarar 193 zuwa 235 Miladiyya. Sulallansu suna da yawa a kasuwa, saboda haka suna da sauƙin kuɗi. An buga su da yawan gaske don biyan sojoji, mutane kuma sun binne su da yawa. A Reka Devnia da ke Bulgeriya kaɗai, a 1929, an tono tarin da aka ƙirga sama da sulai 80,000 daga cikinsa, kuma da yawansu na wannan gida ne.

Ga mutanen da za ka nema, da yadda suke da juna, don sai ka san gidan kafin ka san abin da kake saye.

Maigidan shi ne Septimius Severus, haifaffen Leptis Magna da ke gaɓar tekun Libiya ta yau. Ya hau mulki a 193, ya mutu a garin York na Ingila a watan Fabrairun 211 yana wajen yaƙi. Matarsa Julia Domna 'yar Emesa ce, wato Homs ta Siriya, ɗiyar babban mai kula da ɗakin bautar rana na garin. 'Ya'yansu biyu, Caracalla da Geta. Uban ya bar musu mulki su riƙe tare, shekara ba ta zagayo ba Caracalla ya sa aka kashe ƙanensa a gaban mahaifiyarsu, a Disambar 211, ya kuma sa aka kankare sunansa da fuskarsa daga gine-gine. Sulallan Geta dai sun riga sun bazu a hannun jama'a, shi ya sa har yau ake samunsu da araha. Matar Caracalla, Plautilla, ita ma tana da nata sulen. An kashe mahaifinta a 205, aka kore ta zuwa tsibirin Lipari, daga baya aka kashe ta a can.

An kashe Caracalla kusa da garin Carrhae da ke Turkiyya ta yau a 217, Macrinus ya karɓi mulki na shekara ɗaya da 'yan watanni, shi ba ɗan gidan ba ne. Daga nan sai labarin ya koma hannun mata. 'Yar'uwar Domna, Julia Maesa, ta yi amfani da dukiyarta ta janyo sojoji, ta ɗora jikanta Elagabalus a 218, ɗan 'yarta Julia Soaemias. Da ta ga yaron ya ɓata da sojoji da manyan gari, sai ta juya ga ɗaya jikan, Severus Alexander, ɗan 'yarta Julia Mamaea. A 222 dogaran fada suka kashe Elagabalus da uwarsa. Alexander ya yi shekara 13, uwarsa na riƙe da akalar, har sojojinsa suka kashe su tare kusa da Mainz ta Jamus a 235.

Mutum tara ke nan na farko: Severus, Domna, Caracalla, Geta, Elagabalus, Maesa, Soaemias, Alexander, Mamaea. Plautilla ta zama ta goma. Matan Elagabalus, Julia Paula da Aquilia Severa, da matar Alexander, Orbiana, ka bar su sai ka yi ƙarfi.

Hattara: Annia Faustina, wata matar Elagabalus, sulen azurfarta 'yan ƙalilan ne a duniya. Duk wanda ya tallata maka ita da kuɗi kaɗan, jabu ce.

Abu ɗaya kuma da ya kamata ka sani tun yanzu: fuskar sulen hoton mutum ce, bayansa kuwa galibi siffar wani abin bautar Rumawa. Wanda wannan ke damunsa ya nemi fatawar malaminsa kafin ya sa kuɗi, kada sai kaya sun iso.

2. Sayi kayan aiki kafin ka sayi sule

Ba su da yawa. Sikelin lantarki mai auna har 0.01 na giram, irin na masu sayar da zinare. Madubin ƙara girma mai ninka abu sau 10. Ma'aunin faɗi na milimita. Ƙaramin maganaɗisu. Fitilar tebur da za ka iya karkatarwa ta haska sulen daga gefe. Sai ƙananan ambulan na takarda marar sinadari, da littafin rubutu. Duk waɗannan a haɗe ba su kai kuɗin sule ɗaya mai kyau ba.

3. Koyi karanta rubutun

A nan ya kamata ka fi daɗewa, don wanda ya iya karanta sulensa ba a cika cutarsa ba. Rubutun Latin ne a taƙaice, yana zagaye da kan sarki, ana farawa daga ƙasa ta hagu a bi da shi yadda hannun agogo ke tafiya. Harafin V shi ne U, kuma I ne a madadin J.

AVG na nufin cikakken sarki. Idan ka ga AVGG da G biyu a baya, sarakuna biyu ne ke mulki a lokacin. CAES yarima ne mai jiran gado, kuma za ka ga kansa babu kambin ganye. Geta ya zama yarima a 198, bai zama AVG ba sai 209, saboda haka yawancin sulallansa yaro ne da kai a buɗe, an rubuta P SEPT GETA CAES PONT. COS muƙamin shugaban majalisa ne, lambar da ke biye da shi tana nuna karo na nawa ya riƙe. TR P kuwa, wani iko na sarauta da ake ba sarki, shi ne mabuɗin shekara, don duk shekara ake sabunta shi. Ga Severus, ka ƙara 192 a kan lambar: TR P XVIII ya zama 210. Ga Caracalla ka ƙara 197, ga Elagabalus 217, ga Alexander 221.

Laƙabin yaƙi ma yana taimakawa. BRIT ya fara bayyana a sunan Severus da 'ya'yansa a 210, lokacin yaƙin Birtaniya. GERM ya shiga sunan Caracalla a 213. Sulallan Domna ba su da TR P, amma an rubuta sunanta iri uku: IVLIA DOMNA AVG a farkon mulkin mijinta, IVLIA AVGVSTA daga wajen 196 zuwa 211, sai IVLIA PIA FELIX AVG a zamanin ɗanta. In ka haɗa ukun nan a jere, za ka ga yadda gyaran gashinta da fuskarta suka sauya cikin shekara 24. A ganina wannan jeri ya fi sulai goma da aka saya barkatai daraja.

Hattara: ba za ka ga an rubuta Caracalla a kan sule ba, laƙabi ne da aka sa masa saboda wata riga da yake so. Sunansa na sarauta ANTONINVS. Elagabalus ma ANTONINVS ne, don kakarsa ta yaɗa cewa ɗan Caracalla ne. Nan masu farawa suka fi faɗawa rami, har da wasu dillalan. Idan rubutun ya ce ANTONINVS PIVS AVG babu IMP a gaba, ko yana da BRIT ko GERM, ko mutumin na da cikakken gemu da ɗaurarriyar fuska, Caracalla ne. Idan ya ce IMP ANTONINVS PIVS AVG ko IMP ANTONINVS AVG, Elagabalus ne, kuma sau da yawa za ka ga tauraro a bayan sulen, a na ƙarshen mulkinsa kuma wani abu kamar ƙaho a saman goshinsa. Kada kuma ka haɗa su da Antoninus Pius na ainihi, dattijon da ya yi mulki daga 138 zuwa 161.

Idan kan sarki na ɗauke da kambi mai tsinaye kamar hasken rana, ko kafaɗun matar na zaune a kan jinjirin wata, wannan ba denarius ba ne. Antoninianus ne, wanda Caracalla ya ƙirƙiro a 215, ya fi girma, nauyinsa wajen giram 5.

Wurin gwada karatunka kyauta shi ne OCRE, rumbun intanet na ƙungiyar masana kuɗi ta Amurka. An tsara shi bisa lambobin kundin RIC, wanda dillalai ke dogara da shi. Gidan Severus yana mujalladi na IV. Ka ɗauki hoton sule daga shagon dillali, ka rufe bayanin, ka karanta da kanka, sannan ka duba ko ka dace. Ka yi ta yi har ka daina kuskure tsakanin Antoninus biyun nan.

4. San farashi, ka yi lissafi har ƙofar gida

Farashi na motsi, amma ga abin da aka saba gani. Severus, Domna, Caracalla, Geta, Alexander, Mamaea da Maesa masu matsakaicin kyau suna tsakanin dala 40 zuwa 100. Plautilla, Soaemias da Julia Paula sun ɗan ɗara haka. Aquilia Severa, Orbiana da Macrinus sukan kai ɗaruruwa. Bayan sule ma yana ɗaga kuɗi. Na Severus mai INDVLGENTIA AVGG IN CARTH, inda wata siffa ke haye kan zaki, wanda aka buga don tuna alherinsa ga birnin Carthage na Tunisiya ta yau, ya fi tsada a kan mai siffar da aka saba gani. Haka na rundunonin da suka ɗora shi mulki a 193, irin su LEG XIIII, masu gaggafa tsakanin tutocin soja.

Dillalai na sa haruffan daraja: F ya sha hannu sosai, VF matsakaici, EF kusan sabo. Mai farawa ya nemi VF wanda sunan ke karantuwa duka kuma kan ya zauna a tsakiya. Don sanin abin da aka sayar da irinsa a baya, akwai shafukan intanet na acsearch da CoinArchives.

Hattara: a gwanjo, kuɗin da ka taya ba shi ne kuɗin da za ka biya ba. Akwai la'adar gidan gwanjo, galibi kashi 18 zuwa 25 cikin 100. A ce ka ci sule a yuro 60, la'ada kashi 20, ya zama 72. Ka ɗora kuɗin aike, da cajin banki, da abin da kwastan za su iya nema, da farashin canji na ranar. Sau da yawa kuɗin aike zuwa Najeriya ko Nijar ya kan kusa kai kuɗin sulen kansa, don haka gara ka tara biyu ko uku wurin mutum ɗaya a aiko su tare.

5. Zaɓi wanda za ka saya a wurinsa

Sharaɗi ɗaya ne ba a sassautawa: dillalin ya rubuta cewa ya lamunce sahihancin sulen ba tare da wa'adi ba, in ya tabbata jabu ne zai mayar da kuɗi. Shagunan da ke ƙarƙashin kasuwannin intanet na VCoins da MA-Shops suna da ƙayyadadden farashi, sun fi dacewa da sayen farko. Gidajen gwanjo sanannu sun haɗa da CNG a Amurka, Künker da Gorny & Mosch da Savoca a Jamus, Naumann a Ostiriya, Leu a Suwizalan. Ana ganin jadawalin gwanjonsu a shafukan biddr da NumisBids da Sixbid.

Kafin ka taya ko ka biya, rubuta musu ka tambaya ko suna aikawa ƙasarka, da wane kamfani, da inshora ko babu, kuma wace hanyar biya suke karɓa. Ba kowa ke aikawa ba. Idan ka ci gwanjo ka kasa biya, za su rufe maka ƙofa. Wanda ke da amintaccen ɗan'uwa a Turai zai iya sa a kai can, amma rasit ya fito da sunan mai saye.

Hattara: shafukan da kowa ke iya buɗe shago, da masu talla a Facebook da WhatsApp, can jabu ta fi yawa. Akwatin roba na NGC, kamfanin da ke tantance darajar sulalla, kuma yana nuna masana sun duba sulen, amma kamfanin da kansa ya ce ba ya lamunce sahihancin tsofaffin kuɗi irin waɗannan. Lamunin dillali shi ne abin riƙewa.

6. Tambayi asalin sulen

Sule mai tarihin hannu, wato an san daga tarin wa ya fito ko a wane gwanjo aka taɓa sayar da shi, ya fi tsada kaɗan kuma ya cancanci ƙarin. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ta sa ƙasashe da yawa sun hana fitar da kayan tarihi ba izini, Italiya na cikin masu tsanantawa. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya kuma, a ƙuduri mai lamba 2199 na 2015, ya haramta cinikin kayan tarihin da aka fitar daga Siriya ba bisa ƙa'ida ba tun daga Maris 2011.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, don mutanenmu na zirga-zirga zuwa Libiya da sauran arewacin Afirka, inda biranen Rumawa suke. Idan wani ya kawo maka sulai a ƙulle cikin tsumma ya ce daga can aka tono, kada ka saya. Ko dai jabu ne, ko an wawushe su daga wurin tarihi. In na biyun ne, ka taimaka an lalata abin da ba ya gyaruwa, kuma babu dillalin kirki da zai karɓe su daga hannunka gobe.

7. Binciki sulen ranar da ya iso

Ka buɗe a kan tebur da aka shimfiɗa wa tawul. Wanke hannu, ka busar, ka riƙe sulen ta gefe.

Fara da kwatanta shi da hoton dillali, ka tabbata shi ne. Sai awo. Denarius na wannan gida faɗinsa milimita 17 zuwa 20, nauyinsa galibi tsakanin giram 2.8 da 3.5. Ɗan bambanci ba laifi ba ne, da hannu aka yi su. Amma in ya yi ƙasa sosai, ko ya saɓa wa nauyin da dillali ya rubuta, ka tsaya. Maganaɗisu bai kamata ya kama shi ba. In ya kama, magana ta ƙare. In bai kama ba, ba hujja ba ce, don jan ƙarfe da dalma ma ba ya kama su.

Yanzu madubi da fitila. Sulen gaskiya buga shi aka yi, an sa ɗan faifan azurfa tsakanin hatimi biyu aka doka da guduma. Shi ya sa haruffa ke da kaifi a gindinsu, kana iya ganin siraran layuka suna fita daga haruffa zuwa baki, gefen kuma na iya samun 'yan tsage-tsage masu shiga ciki. Na zubi kuwa komai nasa a dushe yake kamar sabulun da aka fara wanka da shi. Nemi ƙananan ramuka masu zagaye, da 'yan ƙuraje a fili, da layin haɗi a gefe, ko alamar an goge gefen da zarto don ɓoye layin. Tsagar da ta cike da ƙarfe maimakon ta buɗe, ita ma alamar zubi ce.

Akwai jabun da ya fi wannan wayo, wanda ake bugawa da sabon hatimi. Shi sai idon da ya saba. Dandalin Forum Ancient Coins na da rumbun hotunan jabun da aka kama, ka duba sunan sarkinka a ciki. Idan ka ga sule iri ɗaya sak da naka, har siffar gefe da inda ya tsage, to ɗaya daga cikinsu kwafi ne, don bugun hannu ba ya haifar da tagwaye.

Hattara: akwai jabun da tun zamanin Rumawa aka yi shi. Wani jan ƙarfe ne aka lulluɓe da azurfa, za ka ga ja ko kore yana leƙowa inda fatar ta ɓare, dillalai na rubuta masa fourrée. Wani kuma baƙi-baƙi ne ko ruwan toka, ba azurfa a cikinsa sai abin da ba a rasa ba, ana rubuta masa limes, kuma ya yawaita a sulallan wannan gida. Duka biyun tsofaffi ne, ana tara su, amma kuɗinsu ƙasa yake da na azurfa.

Hattara ta biyu: kada ka kai wa maƙerin azurfa ya gwada. Zai goga a dutse ko ya ɗiga ruwan gwaji, ya bar tabon da ba ya fita. Kuma zai ce maka azurfar ba ta da kyau, gaskiya ya faɗa, don Severus ya rage ta zuwa wajen rabi, sauran jan ƙarfe. Darajar sulen ba ta nauyin azurfarsa ba ce. Kada kuma ka jefa shi a siminti don jin ƙara. Azurfar da ta daɗe a ƙasa takan yi gautsi ta ciki, sai ta rabe biyu.

In kana da shakka, ɗauki hoto mai kyau na fuska da baya da gefe, da na sikelin yana nuna nauyi, ka aika wa dillalin cikin kwanakin da ya ba da na mayarwa.

8. Kada ka wanke

Duhun nan ko ruwan toka da ke kan sulen shekaru ne suka sa shi, masu saye na biyan ƙari a kansa. Toka, lemun tsami, man goge haƙori, man goge ƙarfe, duk suna kankare fuskar su zubar da darajar. In ƙura ce kawai, ruwan da aka tace sarai da taushin auduga sun isa, ba gurzawa, a bar shi ya bushe sosai. Kada a huda shi, kada a yi masa kunne don sarƙa.

9. Ajiya da rubutu

Kowane sule da ambulansa. In kana son na roba mai gani, nemi mai tauri wanda aka rubuta babu PVC a cikinsa. Mai laushin nan yana fitar da wani maiƙo kore cikin zafi, zafinmu kuwa ba kaɗan ba ne. Raba azurfa da duk abin da ke da farar wuta a jikinsa: robar ɗaure kuɗi, jakar fata, ulu, jarida. A nisanta akwatin da madafa da hayaƙin turaren wuta. Da damina ka sa 'yan ƙullin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin takalma, ka riƙa canza su. Da hunturu kuma akwatin ya kasance a rufe saboda ƙura.

A jikin ambulan da cikin littafinka ka rubuta sunan mai sulen, rubutun fuska da na baya harafi da harafi, shekara, inda aka buga shi in an sani, don ban da birnin Rum an buga wa Severus a Emesa da Laodicea da Iskandariya, sai lambar RIC, nauyi, faɗi, wurin wanda ka saya, ranar saye, da jimillar abin da ka kashe. Tsohuwar takardar da ta zo tare da sulen, ko da guntuwa ce da rubutun hannun wani, kada ka yar, wani ɓangare ne na tarihin hannunsa. Rasit da takardar kamfanin aike da ta kwastan ka haɗa su wuri ɗaya, ka ɗauki hotonsu ka adana a waya da wani wurin daban. Su ne shaidarka cewa daga waje kayan suka shigo ta halattacciyar hanya, ranar da za ka fita da su ko ka sayar. Ka kuma nuna wa wani amintacce a gidanka littafin, don kada magada su ɗauke su a matsayin tsohuwar azurfa su kai wa maƙeri ya narkar.